DARASIN NOMA: YADDA TSAMIN TAKI DA NA SAIWA KE SAKIN ABINCIN DA ƘASA TA RIƘE

A taron manoma da yawa mukan ji kuka iri ɗaya. Mutum ya sayar da akuya ya sayi buhun taki, ya zuba a gona, ruwa ya sauka daidai, amma masara ta tsaya tsugune, ganyenta na ƙasa ya yi shuɗi-shuɗi mai ja, goyon kuma ya fito ƙanana. Wasu sukan ce takin jabu ne. Wasu sukan ce gonar ta mutu. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da dama abincin yana nan cikin ƙasa, ƙasar ce ta riƙe shi ta hana shuka.

A wannan darasi za mu duba abinci guda ɗaya na shuka, wato fosfaras, da dalilin da ya sa ƙasa take riƙe shi, da kuma yadda wani irin tsami da ke fitowa daga ruɓaɓɓen taki da saiwar tsiro yake sa ƙasa ta sake shi. Ana iya karanta darasin a ƙungiyar manoma ko ta mata, a tattauna shi sashe sashe.

1. MENE NE FOSFARAS?

A jikin buhun kamfa muna ganin haruffa uku, N da P da K. Harafin tsakiya, P, shi ne fosfaras. Shi ne kuma abincin da ke cikin takin da muke kira sufa. Shuka tana bukatarsa domin:

• ta yi saiwa da wuri, ta kama ƙasa tun tana ƙarama
• ta yi fure da ƙwaya, ta nuna a kan lokaci
• wake da gyaɗa da waken soya su yi ƙulle-ƙullen nan na saiwa da ke tara abinci daga iska.

Idan fosfaras ya yi ƙaranci, shuka takan daɗe ba ta tashi ba, kararta siririya, saiwarta kaɗan. A masara tsofaffin ganye sukan canja launi zuwa shuɗi mai ja tun daga gefe. Gero kuwa ba ya ’ya’ya da yawa a gindi, kuma yakan makara. A inda damina take gajera, makarar sati biyu tana iya raba gida da abincin shekara.

Fosfaras ba ya saukowa daga iska. Abin da ke cikin ƙasa da abin da muka kawo, shi ke nan. Kowane girbi kuma yana tafiya da wani sashe. Buhu goma na gero, wato tan ɗaya, yana ɗauke da kimanin kilo 3 na fosfaras. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana da kilo 3 da ’yan kai na zallar fosfaras. Ashe duk buhu goma da muka kai rumbu, mun kwashe wa gona kusan abin da ke cikin buhun kamfa guda.

2. YADDA ƘASA TAKE RIƘE SHI

Saiwa ba ta cin abu sai ya narke a ruwa. Takin zamani yana narkewa da zarar ya sami laima, amma fosfaras ba ya daɗewa a narke. Cikin kwanaki kaɗan yakan haɗu da wasu sinadarai na ƙasa ya manne musu. Shi ya sa a shekarar farko shuka ba ta cika samun fiye da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na fosfaras ɗin da aka zuba ba. Sauran yana nan a ajiye, yana fitowa a hankali ƙwarai.

Masana suna auna tsamin ƙasa da ma’auni da ake kira pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Ƙasa da 7, ƙasar tana da tsami. Sama da 7, ta karkata wajen kanwa. Fosfaras ya fi samuwa ga shuka tsakanin 6 da 7. Ga yadda abin yake a ƙasashenmu:

• Jan ƙasa mai tsami, kamar ta tudun Jos da ta Mambila: jan launin nan tsatsar ƙarfe ce. Ƙarfe da alminiyam su ne masu kama fosfaras a nan, kuma riƙonsu yana da ƙarfi.
• Baƙar laka, kamar firgin yankin tafkin Chadi inda ake noman masakwa: a nan sinadarin kalsiyam, irin wanda ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai, shi ne yake ɗaure fosfaras.
• Jigawa mai rairayi, kamar ta arewacin Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram: riƙon wannan ƙasa ba shi da ƙarfi sosai. Babbar matsalarta ita ce fosfaras ɗin ne kaɗan tun asali.

Akwai abu guda kuma. Fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa kamar yuriya. A damina guda ba ya matsawa fiye da ’yan milimita zuwa santimita kaɗan daga inda ya faɗi. Idan saiwa ba ta je wurinsa ba, shi ba zai zo wurinta ba.

3. TSAMIN DA KE CIKIN ABUBUWA MASU RAI

Idan aka ce asid, da yawanmu mukan tuna ruwan batir. Wannan yana ƙona fata, ba shi ne muke magana a kai ba. Akwai asid masu sauƙi da muke ci kullum. Tsamin lemun tsami asid ne da ake kira sitirik. Tsamin tsamiya mafi yawansa tatarik ne. Tsamin nono laktik ne. Akwai okzalik a ganyaye kamar alayyafo, akwai malik a ’ya’yan itace da yawa. Dukansu abubuwa masu rai ne suke yin su, shi ya sa a wannan darasi za mu kira su tsamin halitta.

A cikin ƙasa, tsamin halitta yana fitowa ta hanya uku:

• daga taki, ganye da kara, sa’ad da suke ruɓewa
• daga saiwar shuka, wadda takan tsatso da shi musamman idan tana jin yunwar fosfaras
• daga ƙananan halittu na ƙasa da ido ba ya gani, wato bakteriya da dangin fumfuna.

GWAJI MAI SAUƘI

Mu sami kofi biyu. A zuba ruwa a ɗaya, ruwan lemun tsami a ɗaya. A jefa ƙusa mai tsatsa a kowanne, a bar su su kwana. Da safe za mu ga ƙusar da ke cikin lemun ta fara haske, ruwan ya canja launi, gama tsamin ya kama ƙarfen tsatsar ya narkar da shi. A wani kofin kuma a sa dakakken ɓawon ƙwai cikin ruwan lemun. Za mu ga ’yan kumfa suna tashi, alamar kalsiyam yana narkewa. Uwayenmu da ke goge tasa da faranti da tsamiya sun daɗe da sanin wannan aiki.

4. HANYOYI HUƊU DA TSAMIN YAKE AIKI

Ta farko, yana kama masu riƙon. Sitirik da okzalik suna rungumar ƙarfe da alminiyam da kalsiyam kamar yadda muka gani a kofi. Idan mai riƙo ya shagala da tsami, sai ya saki fosfaras ya koma cikin ruwan ƙasa.

Ta biyu, yana tare gurbi. A jikin ƙwayoyin ƙasa akwai wuraren da fosfaras yake mannewa, kuma suna da iyaka, kamar rumfunan kasuwa. Idan tsamin halitta da baƙin ruɓaɓɓen taki suka riga suka zauna a waɗannan wurare, fosfaras ɗin da muka zuba daga baya zai daɗe a sake. Wannan yana cikin dalilan da suka sa sufa ta fi aiki a gonar da ta sha takin gida.

Ta uku, yana ƙara tsami a daidai bakin saiwa. Wannan yana da amfani a baƙar laka, da kuma inda aka zuba garin dutsen fosfat, domin abin da kalsiyam ya ɗaure yana narkewa cikin tsami. Da wannan dabara ake yin sufa kanta. A 1842 wani Bature a Ingila, John Bennet Lawes, ya yi rajistar hanyar jiƙa ƙashi da dutsen fosfat da asid mai ƙarfi domin su narke. Abin da masana’anta take yi a babban tanki, saiwa tana yin ɗan kaɗan nasa a cikin ƙasa.

Ta huɗu, yana kāre saiwa. A ƙasa mai tsami sosai, wadda ta yi ƙasa da 5.5, alminiyam yana narkewa ya zama guba, ya hana bakin saiwa tsawo. Idan sitirik ko malik ya kama shi, ba ya cutarwa. Saiwar da ta yi tsawo kuwa tana kaiwa ga abinci mai yawa.

Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Sitirik da okzalik sun fi ƙarfi, malik da tatarik suna biye, laktik kuwa ba shi da tasiri sosai a wannan aiki.

5. ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Waken masar, wanda wasu ke kira waken turawa. A 1990 masu bincike a cibiyar ICRISAT ta Indiya sun ba da rahoto cewa wannan wake yana girma da kyau a jan ƙasar da dawa take wahala. Sun gano saiwarsa tana fitar da wani tsami da ake kira fisidik, wanda yake kama ƙarfe ya saki fosfaras. Idan ganyensa ya zuba ya ruɓe, amfanin da ya biyo baya yana cin moriyar abin da ya tono.

Dawa. A 2007 masana a Birazil da Amurka sun gano ƙwayar gado da ke sa wasu irin dawa su fitar da sitirik a bakin saiwa, su jure alminiyam. A 2014 wani binciken ya nuna cewa a irin dawar Afirka ta Yamma, wannan sashe na gado yana da alaƙa da samun ƙwaya mai kyau a gonaki masu ƙarancin fosfaras. Saboda haka zaɓen iri ma yana cikin maganin.

Karan gero. A tashar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, gwaje-gwaje na shekaru sun nuna fosfaras shi ne abincin da gero ya fi rasawa a jigawa. Sun kuma nuna cewa inda aka bar kara a gona, gubar alminiyam takan ragu, saiwa takan yawaita, gero kuma ya fi amfana da takin zamani.

Takin shanu. A Samaru ta Zariya akwai gonar gwaji da aka fara tun 1950, inda ake kwatanta takin shanu da takin zamani. Darasinta shi ne, zuba takin zamani mai naitirojin shi kaɗai shekara da shekaru yana sa ƙasa ta yi tsami, amma haɗa shi da takin shanu yana riƙe lafiyar ƙasa.

6. IYAKAR WANNAN TAIMAKO

Ya kamata mu gane abubuwa uku, kada mu ɗora wa tsamin halitta nauyin da ba zai iya ba.

Na ɗaya, ba ya ƙirƙiro fosfaras. Mabuɗi ne kawai. Mabuɗi kuwa ba ya amfanar wanda rumbunsa ba kome. A jigawar da aka noma shekaru ba taki, dole a kawo fosfaras daga waje. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, ba ya daɗewa. Ƙananan halittun ƙasa suna cinye sitirik da malik cikin awoyi ko kwanaki kaɗan. Shi ya sa matse lemun tsami ko zuba ruwan tsamiya a gona hasarar kuɗi ce. Abin da ake so shi ne tsami kaɗan kaɗan yana fitowa kullum a kusa da saiwa, wannan kuwa sai da taki mai ruɓewa da saiwa mai rai. Ruwan batir kuma kada kowa ya kusantar da shi gona. Yana da dalma, guba ce ga mutum da dabba.

Na uku, ba kowane ciyayi ne ke ba da abinci nan da nan ba. Busasshen kara, buntun shinkafa da garin katako ba su da fosfaras da yawa. Idan aka binne su ɗanye, halittun da ke ruɓar da su sukan ari ɗan abincin da ke cikin ƙasa, shuka ta yi yunwa na wasu makonni. Gara a shimfiɗa su a bisa ƙasa, ko a ruɓar da su tare da kashin dabbobi tukuna.

7. ABIN DA ZA MU IYA YI

Mu haɗa takin gida da na zamani a rami ɗaya. Idan takin gida kaɗan ne, kada a watsa shi ko’ina. A sa cikin hannu ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki a kowane gurbi, a ƙara ɗan takin zamani.

Mu sa fosfaras da wuri, kusa da iri. A Nijar an gwada hanyar taki kaɗan kaɗan: giram 6 na kamfa 15-15-15, wato kimanin cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, a kowane gurbin gero lokacin shuka. Idan hekta tana da gurbi 10,000, kilo 60 na kamfa ya isa. A raba taki da iri da ɗan ƙasa domin kada ya ƙona tsiro, musamman idan laima ba ta da yawa. Barbaɗa sufa a bisa ƙasa bayan shuka ta yi wata guda ba ya kawo riba sosai.

Mu yi ramin taki tun da kaka. A jera hawa hawa: kara da ganye, kashin dabbobi, ɗan toka, ɗan ƙasa. A yayyafa ruwa ya yi laima amma kada ya jiƙe sharkaf. A juya shi bayan kowane sati biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi ƙanshin ƙasa. Kashin kaji da na tantabara sun fi na shanu fosfaras. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda ake samun garin dutsen fosfat, mu sa shi cikin ramin taki. Akwai wannan dutse a yankin Tawa a Nijar, da Sakkwato a Najeriya, da Tilemsi a Mali, da Kojari a Burkina Faso. Ba ya narkewa a ruwa, kuma ƙarfin na kowane wuri daban ne. Idan aka barbaɗa shi a kowane hawa na ramin taki, tsamin ruɓewa yana taimaka masa ya fara narkewa. Ya fi aiki a ƙasa mai tsami, kuma amfaninsa yakan fi fitowa a shekara ta biyu da ta uku. A tambayi malamin gona yawan da ya dace.

Mu farfaɗo da fako da tassa. Manoman Ilela da Tawa sun mayar da fako gona ta wurin haƙa ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30 da rani, suna zuba taki a ciki. Ramin yana tara ruwa, takin yana ruɓewa a daidai inda saiwa za ta bi, gara kuma tana buɗe ƙasar.

Mu rage ƙona gona. Wuta tana barin toka, amma tana cinye ainihin abin da zai ruɓe ya ba da tsami, iska kuma ta kwashe tokar. Mun san ana bukatar kara domin dabbobi da darni da girki. Ko da kashi ɗaya cikin uku aka bari a gona, ya fi babu. Dabbobin da suka ci kara kuma, a mayar da kashinsu gonar.

Mu yi amfani da toka da hankali. Tokar murhu tana rage tsamin jan ƙasa, wannan yana da kyau. Amma kada a cuɗa ta da sufa ko yuriya a kwano ɗaya, kada kuma a tula ta a baƙar laka.

Mu cuɗanya shuka, mu bar itatuwa. Layin waken masar a tsakanin dawa ko masara, inda ruwa ya isa, da juya gona tsakanin hatsi da wake ko gyaɗa, suna ƙara saiwa iri iri a ƙasa. Gawo kuwa yana zubar da ganyensa da damina, dabbobi suna hutawa a inuwarsa da rani, shi ya sa geron ƙarƙashinsa yake fin na fili.

Mafi yawan dutsen fosfat na duniya yana Maroko, kuma mun ga yadda kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabo a 2008 da 2022. Ba mu da iko a kan kasuwar duniya. Amma muna da iko a kan yadda za mu sa kowane mudu na taki ya yi mana aiki.

8. GONAR GWAJI TA ƘUNGIYA

Gani ya kori ji. Ƙungiya ta zaɓi wuri mai ƙasa iri ɗaya, ta yanka fili huɗu, kowanne taki goma tsawo, taki goma faɗi.

• Fili na 1: ba a sa kome ba
• Fili na 2: takin gida kaɗai
• Fili na 3: takin zamani kaɗai, a gurbi
• Fili na 4: takin gida da na zamani a gurbi ɗaya.

A shuka iri ɗaya a rana ɗaya, a yi noma lokaci ɗaya. A rubuta ranar da kowane fili ya fara fitar da kai. Da kaka a sussuke na kowanne dabam, a auna da mudu, a lissafta kuɗin da aka kashe. A shekara ta biyu a sake shuka filayen ba tare da ƙara fosfaras ba, a ga wanne ne ya ajiye ƙarfi.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

• Waɗanne irin ƙasa muke da su a ƙauyenmu, kuma da wane suna muke kiransu? Wacce ce ta fi cin taki ba ta nuna ba?
• Mun taɓa ganin alamun ƙarancin fosfaras a gonakinmu? Me muka ɗauka ya jawo su?
• Ina kashin dabbobinmu, sharar gida da tokar murhu suke tafiya yanzu? Nawa ne yake lalacewa a rana da ruwan sama?
• Su wane ne a cikinmu ba su da dabbobi ko amalanke? Ta yaya gwauraye mata da tsofaffi za su sami taki a kai musu gona?
• Wace yarjejeniya ce ke tsakaninmu da makiyaya a kan kara da taki? Za a iya gyara ta domin kowa ya amfana?
• Wa zai ba da fili domin gonar gwaji, wa zai riƙe littafin rubutu, kuma wace rana za mu fara haƙa ramin taki?